Mallakar Ƙaramar Mota A Jos: Lissafin Da Ya Kamata Mai Saye Ya Yi Kafin Ya Biya

JOS — A unguwar Ali Kazaure da sauran tsofaffin unguwannin tsakiyar garin Jos, irin su Gangare da Dilimi da Sarkin Arab da Abba Na Shehu, sayen ƙaramar mota ya zama shawara mai nauyi wadda magidanci kan daɗe yana jujjuyawa kafin ya yanke. Dalili kuwa shi ne tun daga tsakiyar shekarar 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, ta kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin sayen mota da kuɗin riƙe ta suka yi tashin gwauron zabo a lokaci guda.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya yi shekaru yana tari, kuskure a wannan ciniki yana iya cinye jarinsa baki ɗaya. Kuɗin da ake miƙa wa dillali somin-taɓi ne kawai. Abubuwa uku ne ke nuna ko mota za ta zama abin amfani ko kuwa ta zama kaya a wuyan mai ita, watau farashin Dala a ranar da ta shigo ƙasa, da yawan man da take sha, da kuma sauƙin samun kayan gyaranta da makaniken da ya san ta a cikin gari.

DAGA KAKURI ZUWA KWATANO

Kafin a fahimci farashin mota a yau, sai an waiwayi yadda kasuwar ta sauya. A shekarar 1975 ne kamfanin Peugeot na Nijeriya, wanda aka fi sani da PAN, ya fara harhaɗa motoci a masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna, yayin da kamfanin Volkswagen ya fara nasa aikin a Legas. A wannan shekarar ce kuma ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashin Udoji tare da ariyas, ga kuma bashin mota da ake ba manyan ma'aikata. Saboda haka a wancan zamani ma'aikaci mai matsakaicin matsayi yana iya fitar da sabuwar mota dal daga shago.

Motar da ta fi cin gajiyar wannan lokaci ita ce Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta zama motar hukuma a Nijeriya, ta zama ta haya a tashoshi irin su tashar Bauchi Road da ke Jos, kuma an ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna shekaru masu yawa bayan an daina yin ta a Turai. Wannan daɗewa ita ce ta sa kusan kowane gareji a Arewa ya haddace ta ciki da waje.

Al'amura sun juya ne a 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da aka sani da SAP. A 1985 Naira ɗaya ta ɗan fi Dala ɗaya daraja a farashin hukuma, amma ya zuwa 1987 sai da kimanin N4 ake samun Dala. Da yake yawancin sassan da ake harhaɗawa a Kaduna da Legas daga waje ake shigo da su, sai farashin sabuwar mota ya fi ƙarfin albashi. A tsakiyar shekarun 1990, ko da yake gwamnati ta tsayar da farashin hukuma a kan N22, a kasuwa Dala ta kai N80 har da ɗoriya.

Daga nan ne motocin da aka yi amfani da su a Turai suka mamaye kasuwa. Mutanen kudu suka sa musu suna Tokunbo, a Arewa kuwa aka riƙa kiran su Beljiyam, saboda yawancinsu daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp ake loda su, ko kuma 'yan Kwatano, saboda a can ake sauke da yawa daga cikinsu kafin a ƙetaro da su. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018, Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari sun zo Afirka ne.

Har yanzu ana harhaɗa motoci a cikin gida. Kamfanin Innoson yana aiki a Nnewi, kuma a 2022 kamfanin haɗin gwiwa na Dangote da Peugeot ya fara fitar da motoci a Kaduna. Sai dai sabuwar mota, ta gida ko ta waje, hukumomi da manyan kamfanoni ne suka fi sayenta. Mai ƙaramin ƙarfi a Jos tsohuwa yake nema.

YADDA DALA KE YANKE FARASHI

Motar da ke ajiye a wurin dillalai a titin Zariya ko a hanyar Bukuru tana ɗauke da kuɗaɗe iri-iri a cikin farashinta. Akwai kuɗin sayenta a can ƙasar waje, da kuɗin jirgin ruwa, da harajin kwastan, da kuɗin tashar jiragen ruwa da na wakilin da ya fito da ita, da kuɗin kawo ta daga Legas, tafiyar kimanin kilomita 1,000, sa'an nan ribar dillali. Biyun farko da Dala ake biyan su, na ukun kuma da farashin Dala ake lissafa shi.

Harajin kansa ya sha sauyi. A ƙarƙashin manufar bunƙasa masana'antar motoci ta 2013, an ɗora wa motocin da ake shigowa da su a harhaɗe harajin kashi 35 cikin ɗari da ƙarin wani kashi 35, domin a kare masu harhaɗawa a gida. A watan Afrilun 2022 Hukumar Kwastan ta koma karɓar kashi 20 na haraji da kashi 15 na ƙari a kan tsofaffin motoci, banda harajin kayan masarufi na kashi 7.5. A wannan shekarar ce kuma hukumar ta fara ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar shasinta, abin da ya rage damar yin ciniki a kan ƙimar da za a rubuta.

Misali ɗaya zai fayyace al'amarin. A ɗauki mota wadda darajarta zuwa bakin ruwa ta kai Dala 5,000. Haraji da ƙarinsa a ma'aunin 2022, watau kashi 35, sun kama Dala 1,750. A farkon 2023, lokacin da farashin hukuma yake kimanin N460, jimillar ta kama N3,105,000. A 2024, da Dala ta kai N1,500 har ta wuce, wannan mota dai ta koma N10,125,000, tun ba a sa sauran kuɗaɗen ba.

In aka gwada da mafi ƙarancin albashi, abin ya fi fitowa fili. A kan N30,000 da aka tsayar a 2019, kuɗin farko daidai yake da albashin wata 103 da rabi. A kan N70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024, kuɗi na biyu ya kai albashin wata 144 da ɗoriya, watau fiye da shekara 12. Ƙarin albashin bai cim ma tashin farashin ba.

Hanyar Kwatano ma ta ƙuntata. Tun daga ranar 1 ga Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, kuma daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 an rufe iyakokin baki ɗaya. Motar da ta biyo ta daji takan yi araha, amma tana tafe da hatsarin kamu a kowane shingen kwastan.

RUKUNAN MOTOCI A KASUWA

Mai saye a Jos yana da zaɓi tsakanin rukuni biyu. Na farko shi ne motar da ta zo kai tsaye daga waje, ba a taɓa yi mata lamba a Nijeriya ba. Na biyu shi ne motar da wani ya riga ya hau a cikin gida. Tashin Dala ya tura masu saye da yawa zuwa rukuni na biyu, shi ma sai farashinsa ya ɗaga, domin mai sayarwa yana duban abin da zai kashe in zai maye gurbinta.

Kowane rukuni da irin aibinsa. Motocin da ake kawowa daga Amurka da Kanada, da yawansu a wuraren gwanjon kamfanonin inshora ake saye, bayan sun yi hatsari ko ambaliya ta shanye su. Wadda ta yi hatsari ana iya gyara ta ta yi lafiya in shasinta bai karkace ba. Wadda ruwa ya ci kuwa matsalarta a wayoyi take, kuma takan ɗauki watanni kafin ta bayyana. Alamunta su ne warin ruma, da tsatsa a ƙarƙashin kujeru, da laka a kusurwoyin but. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 tana ba da damar a binciki tarihin irin waɗannan motoci ta intanet kafin a biya. Ya kamata kuma a lura cewa ma'aunin tafiya na motar Amurka da mil yake ƙirga, kuma mil ɗaya kimanin kilomita 1.6 ne.

Motar da aka hau a gida kuwa, aibinta yana ga irin kulawar da ta samu. Sabon fenti da wankin inji suna iya ɓoye abubuwa da yawa. Hanya mafi aminci ita ce mai saye ya zo da makanikensa, wanda ba shi da rabo a cikin la'ada, a tayar da motar da sassafe inji yana sanyi, a duba launin hayaƙi, a duba ko baƙin mai ya gauraya da ruwa, a hau tudu da ita, a kuma ɗaga ta a leƙa ƙarƙashinta. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsohuwar mota ba ta rasa gyara, abin nema shi ne a san girman gyaran tun kafin a yi ciniki, a kuma rage shi daga farashi.

KUƊIN MAI

Bayan saye, abin da ya fi cin kuɗi a kullum shi ne fetur. A 1994 lita ɗaya N11 ce. Ta kai N65 kafin 2012, ta koma N97 bayan zanga-zangar Janairun wannan shekarar, ta kai N145 a watan Mayun 2016. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi, farashin hukuma bai kai N200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura N500 a yawancin Arewa, a watan Yulin 2023 ya kai N617 a Abuja, a watan Oktoban 2024 kuma ya tsallake N1,000. Fara fitar da fetur daga matatar Dangote a Satumbar 2024 ya kawo gasa a kasuwa, amma garuruwa masu nisa da teku irin su Jos suna biyan ƙarin kuɗin dakon tanka.

Motar da ke shan lita 10 a kowace kilomita 100, in ana tafiyar kilomita 1,000 da ita a wata, za ta sha lita 100. A kan N195 wannan ya kama N19,500. A kan N617 ya kama N61,700. A kan N1,000 kuwa ya kama N100,000, abin da ya zarce mafi ƙarancin albashi. Bambancin lita uku ko huɗu a kowace kilomita 100 tsakanin inji mai silinda huɗu da mai silinda shida, wanda a dā ba a damu da shi ba, yanzu yana iya kai dubun-dubatar Naira a wata. Wannan ne ya sa manyan motoci masu inji shida kan yi araha a hannu na biyu, alhali ƙanana irin su Toyota Corolla suna riƙe darajarsu.

Tun daga 2023 Gwamnatin Tarayya take ƙarfafa mayar da motoci su yi amfani da iskar gas, wadda ta fi fetur araha. Amma kafin mutum ya kashe kuɗin juyin, ya wajaba ya tabbata akwai gidan sayar da iskar a kan hanyoyin da yake bi, ya kuma sani cewa tukunyar za ta cinye masa wuri a but. Babban bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, bai biyo ta Jos ba.

KAYAN GYARA DA MAKANIKE

Mazauna Ali Kazaure suna da wata gata, domin kasuwar kayan gyaran motoci ta Dilimi tana kusa da su, ga kuma garejojin Farin Gada. Hikima ita ce mutum ya zagaya waɗannan wurare kafin ya zaɓi mota, ya tambayi farashin abubuwan da suka fi lalacewa, kamar shakazoba da kuloci da famfon mai da fitilu da gilashi, ya kuma tambayi ko ana samun su nan take ko sai an aika Legas ko Onitsha ko Kano.

Motocin da suka yi yawa a kan titi su ne masu sauƙin riƙo. Volkswagen Golf samfuri na uku, wadda aka ƙera daga 1991 zuwa 1997, da Opel Vectra, da Peugeot 406, da Toyota Corolla da Camry, da Honda Civic da Accord, duk an san su a garejojin Jos, kuma ana samun kayansu sababbi da na hannu. Motar da ba kowa ke da irinta ba tana iya yin araha ranar saye, amma ƙaramin abu in ya lalace sai ta yi makonni a kan dutse. Araha ba ta ado. Haka kuma ranar da za a sayar da ita masu taya ba su da yawa.

Zamanin kafireto ya wuce. Motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau kwamfuta ce ke sarrafa man da ke shiga injinsu, kuma gano cutarsu yana bukatar na'urar bincike. Makaniken da ya ƙware a kan 504 da kunne da sukundireba ba lallai ne ya iya waɗannan ba, kuma gyaran lalube yana cin kuɗi fiye da gyaran gaskiya. Mota mai giyar hannu ta fi sauƙin gyara, ana kuma iya tura ta in batir ya mutu. Mai giya otomatik ta fi daɗi a cunkoso, amma giyabos ɗinta yana bukatar man da ya dace da shi, kuma in ya lalace sau da yawa sai dai a sauya shi ɗungurungum.

Juye a kan kari da baƙin mai mai kyau shi ne gyara mafi araha. Haka ma taya. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyin da ake shigowa da su, domin roba tana bushewa ko da zanenta bai cinye ba.

ABIN DA ƘASAR JOS KE BUKATA

Yanayin garin yana da nasa sharuɗɗan. Jos tana bisa tsauni mai tsawon kimanin mita 1,200 daga doron teku, inda iska ba ta da kauri kamar ta ƙasa. Injin da ba shi da turbo yakan rasa kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a irin wannan tsawo. Don haka mota mai ɗan ƙaramin inji wadda ke tafiya lafiya a Legas tana iya yin nishi in an cika ta da mutane da kaya a hanyoyin Filato.

Duk mai zuwa Abuja ta Akwanga sai ya bi ta Hawan Kibo, wurin da ya yi ƙaurin suna wajen hatsari. Hawan yana gwada lagireto da kuloci, gangaren kuma yana gwada birki. Direban da ya dogara da birki kaɗai a doguwar gangara yana iya sa shi ya yi zafi ya daina kamawa, shi ya sa ake sauka da ƙaramar giya. Sanyin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu yakan tona asirin batir mai rauni. Damina kuma tana da tsawo da ƙarfi, tana cin titunan unguwanni, saboda haka mota mai ƙasa-ƙasa tana yawan bugun salansa da kaskon inji.

Akwai kuma batun wurin kwana. An shata tsofaffin unguwannin tsakiyar Jos ne tun zamanin haƙar kuza, a farkon ƙarni na 20, lokacin da ba a yi tanadin gareji a gidajen talakawa ba. Gidaje a manne suke, lunguna kuma matsattsu. Wanda ba shi da fili sai ya bar motarsa a bakin titi ko ya biya kuɗin ajiya da na mai gadi, kuma wannan ma kuɗi ne na wata-wata da ya kamata ya shiga lissafi.

TAKARDU DA INSHORA

Motar da ba ta da cikakkun takardu ba ta zama ta mai ita ba tukuna. Abu na farko shi ne takardar biyan harajin kwastan, wadda ya kamata a kai ofishin hukumar a tantance, a kuma gwada lambar shasin da ke jikinta da wadda ke jikin motar. A watan Maris na 2024 Hukumar Kwastan ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu motocin da suka shigo ba bisa ƙa'ida ba su biya haraji, abin da ke nuna yawan irin waɗannan motoci a hannun jama'a.

In motar ta hannu ce, ana bukatar takardar shaidar mallaka, da rasiɗin saye na asali, da yarjejeniyar ciniki a rubuce mai sa hannun shaidu, da kuma canjin suna a ofishin lasin. Wanda ya sayi motar sata, ko da bai sani ba, zai rasa motar da kuɗinsa, ya kuma sha tambayoyin 'yan sanda. Haka kuma mai sayarwa da ya bar sunansa a kan takardu yana iya amsa laifin da wani ya aikata da motar.

Inshorar kare wani dole ce a doka. Daga ranar 1 ga Janairun 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta ɗaga kuɗinta daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara ga motar gida, ta kuma ɗaga diyyar ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Rundunar 'yan sanda ta fara tsananta binciken wannan takarda daga ranar 1 ga Fabrairun 2025. Takardun jabu suna yawo, amma ana iya tantance ta gaskiya a rumbun bayanan kamfanonin inshora ta wayar hannu.

Sai dai wannan inshora ba ta biyan mai mota asarar motarsa. Cikakkiyar inshora ce ke yin haka, kuma hukumar ta tsayar da cewa kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota, watau N300,000 a shekara ga motar Naira miliyan 6. A rikice-rikicen da Jos ta fuskanta a 2001 da 2008 da 2010 an ƙona motoci masu yawa a gidaje da wuraren sayarwa. Yawancin takardun inshora ba sa ɗaukar asarar tarzoma sai an rubuta ta musamman, don haka ya kamata mai saye ya nemi a nuna masa wannan sharaɗi a rubuce. Ga masu ƙyamar inshorar da aka saba, akwai kamfanonin takaful da ke aiki bisa tsarin Musulunci.

BASHI KO TARI

Sayen mota da bashin banki yana da wuya ga mai ƙaramin ƙarfi. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz wanda ya fara aiki a 2012, suna sayen mota su sayar wa abokin ciniki da riba sananniya, ya biya sannu a hankali, amma su ma sukan nemi shaidar samun kuɗi a kai a kai da wani kaso na farko. Saboda haka tari da adashi da ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata su ne hanyoyin da aka fi bi.

Ko ta wace hanya aka tara kuɗin, bai kamata a zuba su duka a ciniki ba. Tsohuwar mota takan nemi juye da taya da batir da ƙananan gyare-gyare a watannin farko, ga kuɗin lamba da lasin da inshora. Wanda ya kashe ƙwandalarsa ta ƙarshe wajen saye yakan ajiye motar a ƙofar gida ya koma hawa Keke.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ko ana bukatar motar. Tun bayan da aka aiwatar da dokar hana acaɓa a Jos da Bukuru a 2012, Keke da tasi ne suka ɗauki yawancin zirga-zirgar cikin gari, kuma a 2024 Gwamnatin Jihar Filato ta fito da manyan motocin safa na Tin City Metro. Wanda shagonsa yake Terminus ko Bauchi Road, gidansa kuma yake Ali Kazaure, yana iya tarar da cewa kuɗin Keke na wata guda bai kai kuɗin man mako biyu ba, kuma jarin da zai daskare a mota zai fi amfani a cikin shago. Wanda kuwa yake da 'ya'ya a makarantu masu nisa, ko yake sarin dankali da kayan lambu daga Bokkos da Mangu, ko yake da mara lafiyar da ake kaiwa asibiti da dare, lissafinsa dabam ne.

Ga irin wannan mai saye, motar da ta fi dacewa ita ce mai silinda huɗu, mai ɗan tsawo daga ƙasa, wadda kayanta suke a Dilimi, takardunta kuma suka tsallake binciken kwastan. In ya haɗa kuɗin mai da juye da taya da inshora da lasin da wurin kwana na shekara guda, ya raba su gida 12, ya ga abin da ya fito bai taɓa cefanen gida da kuɗin makarantar yara ba, to ya isa sayen mota. In kuwa ya taɓa, gara ya ƙara haƙuri, domin daidai ruwa daidai tsaki.